Waigi a Tirelar Zango Mai Aksil Biyu: Yadda Nake Kafa Ta Ta Daina Rawa

Tirelar da zan yi bayani da ita irin ɗakin nan ce mai tayoyi da ake ja da mota zuwa wurin zango, mai gado da kicin da banɗaki a ciki. Tsawonta ya kusa mita 8, idan an loda mata kaya da ruwa takan kai kilo 3,000, kuma aksil biyu gare ta, wato taya biyu a jere a kowane gefe. Wanda ya taɓa kwana a irinta ya san halinta. Mutum ɗaya ya sauko daga gado cikin dare, sai kowa ya farka, domin ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki kai-komo kamar kwalekwale a bakin gaɓa. An sauke jak huɗu na kusurwoyi, an cusa waigi a gindin taya, amma rawar ba ta fasa ba.

Sai ka durƙusa ka leƙa tsakanin tayoyin biyu kafin ka ga inda take fitowa. A yawancin irin waɗannan tireloli kowane aksil yana zaune ne a kan sifirin mai falle-falle, kuma wutsiyar sifirin na gaba da kan sifirin na baya sun haɗu a jikin wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke rataye da ƙusa ɗaya tak a jikin shasi. Ni ƙarfen lilo nake ce masa, don aikinsa ke nan. A kan hanya yana da rana ƙwarai: tayar gaba ta hau tudu, sai ya karkata ya raba nauyin da ta baya. Matsalar ita ce ko an iso masauki bai san an iso ba. Ka taka dandamalin ɗakin daga can baya, ya ɗan sunkuya, tayoyin su murgina abin da bai kai kaurin yatsa ba, su dawo. Wannan ɗan motsin, da laushin iskar da ke cikin taya, shi ne mai barci ke ji a matsayin girgiza. Jak na kusurwa suna tare motsin sama da ƙasa, amma motsin gaba da baya ba su da ƙarfi a kansa.

Saboda haka waigi iri biyu nake ɗauka, kuma ba na bari ɗaya ya yi aikin ɗaya. Na farko shi ne waigin ƙasa da kowa ya sani, mai tudu ta gefe ɗaya, wanda ake tokare taya da shi don kada tirela ta gangara. Na biyu waigin almakashi ne, ƙarfe mai siffar X da ake sa wa a tsakanin tayoyin biyu, a ɗaure noti ya buɗe ya tokare su duka, ta gaba ba ta iya juyawa sai ta ja ta baya, ta baya kuma ta ƙi. Wanda aka fi sani a kasuwa shi ne X-Chock na kamfanin BAL, ko da yake akwai masu kama da shi da yawa. Shi wannan maganin rawa ne kawai. Masu ƙera shi da kansu sun gargaɗi mutane kada a ɗauke shi a matsayin birkin ajiye tirela, kuma gaskiyarsu ce, domin bai taɓa ƙasa ba, matsi kaɗai ya riƙe shi a jikin roba. Iskar taya ta ragu, matsin ya tafi.

Abin da ya sa wannan bambanci ya zama na rai da mutuwa shi ne yawancin tirelolin zango na Amurka masu birkin lantarki ba su da birkin hannu sam. Da zarar ka zare wayar da ta haɗa su da mota, tayoyin nan huɗu sake suke. Na Turai galibi suna da birkin hannu a wuyansu, wato ƙarfen gaba da ake haɗawa da mota, amma ko su ana sa musu waigi. Wasu kan zare ɗan fil ɗin birkin gaggawa, wanda aka yi domin ya kama tayoyi idan tirela ta kuɓuce a hanya, wai ya riƙe musu ita a masauki. Wannan kuskure ne: yana zuƙe batirin tirela, maganaɗisun birkin su yi ta ɗaukar zafi, kuma da batir ya mutu birkin ya saki ba sallama. Ka yi lissafi da kanka. Tirela mai kilo 3,000 a gangaren da ke sauka santimita 5 a kowace mita tana tura kanta ƙasa da ƙarfin da ya kai na kilo 150. Gangaren santimita 2 a mita, wanda ido ma ba ya kamawa, kilo 60 ne. Ba mai tare wannan da hannu idan ta fara tafiya.

Kayan da nake fitarwa kafin komai su ne waigin ƙasa huɗu, waigin almakashi biyu, katakai na ɗaga taya, faifan katako biyar na ƙarƙashin jak, ma'aunin daidaito irin na magina mai ƙwayar iska a cikin ruwa, da sifana mai lamba 19, wadda ta yi daidai da kashi uku cikin huɗu na inci, girman notin yawancin jak na kusurwa. Waigin ƙasa na roba mai nauyi na fi so. Na leda mai rami a ciki ba shi da nauyi, yana da daɗin ɗauka, amma a kan daɓen siminti sulɓewa yake, taya ta yi ta tura shi gaba kamar tsintsiya, kuma rana tana cinye shi har ya fashe. Na katako yana aiki idan an yanka shi da kyau, sai dai yana tsagewa idan ya sha ruwa ya bushe sau da yawa. Dutse ko bulo kuwa ba na lissafa su. A kan tsawo, ƙa'idar da aka saba bi ita ce waigi ya kai kusan rubu'in tsawon taya. Taya mai lamba ST225/75R15, wadda ta yawaita a irin waɗannan tireloli, tsawonta kusan santimita 72 ne, rubu'insa 18 ke nan. Da yawa daga waɗanda ake sayarwa ba su kai haka ba. A shimfiɗaɗɗen wuri suna wadatarwa, a gangare kuwa taya tana iya haye gajeren waigi.

Idan na shigar da tirela inda za ta kwana, ba na kashe mota nan take. Tirela mai aksil biyu ba ta juya kwana da daɗi. Idan ka yi ribas kana karya sitiyari, tayoyin suna gogar ƙasa ta gefe, har ka ga ta gaba ta karkata waje ta baya ta karkata ciki, gefen robar a murɗe. Ka tsaya a haka ka ɗaure waigin almakashi, ka kulle murɗewar ke nan a jikin taya da sifirin har kwanakin da za ka yi. Don haka sai in ja gaba a miƙe kamar mita 2, in dawo baya a miƙe, in sauka in duba tayoyin huɗu sun tsaya cak a layi ɗaya.

Daga nan sai daidaita gefe da gefe, kuma dole a yi shi tirela tana haɗe da mota, tunda hawa katako za ta yi. Ina ɗora ma'auni a gicciye a dandamalin ɗaki daga bakin ƙofa. Tsakanin tayar dama da ta hagu kusan mita 2 ne, saboda haka karkatar digiri ɗaya tana neman ɗagawar santimita 3 da rabi, kusan kaurin katako guda. Ba don jin daɗin kwanciya kaɗai ake wannan wahala ba. Firjin da ke aiki da gas, irin mai ammoniya, ruwan cikinsa da nauyinsa yake gangarowa ta bututu, idan ya karkata fiye da digiri 3 ya daɗe yana aiki a haka, yana lalacewa a hankali. Gefen da ya yi ƙasa, tayoyinsa biyu duka nake ɗagawa, kuma daidai wa daida. Ɗaga ɗaya a bar ɗaya yana karkatar da ƙarfen lilo ya jibga wa aksil ɗaya nauyi, kuma ratar tsakanin tayoyin ta sauya. Katakon ma ya fi tafin taya faɗi, kada rabin taya ya rataya a iska.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Tayar da ta hau katako mai hawa biyu ta yi sama da santimita 7, waigin da ke zaune a ƙasa ba zai kama ta yadda ya kamata ba, bakinsa kawai zai shiga ƙarƙashin katakon ko ya taɓa robar sama-sama. Shi ya sa nake yanka katakona da tsawo, ya wuce tayoyin biyu da kamar santimita 30 ta kowane ɓangare, waigin ya zauna a kan katakon tare da taya. Masu amfani da bulon roba mai haɗewa da juna suna da waigin da ke shiga cikin ramukan bulon, masu amfani da lanƙwasasshen tudun nan da taya ke hawa a hankali kuma yana zuwa da nasa ɗan waigin da ake cusawa a ƙarƙashinsa. Ko da wanne aka yi, gefen da tayoyinsa ke ƙasa kai tsaye shi ne abin dogarona, can nake fi kula da zaman waigi.

Yanzu sa waigin ƙasa. Wanda ke cikin mota ya taka birki, ni kuma in share tsakuwa da ganye daga gindin taya da ƙafa, domin tsakuwa a ƙarƙashin waigi tamkar ka sa masa tayoyi ne. Ina fara da ɓangaren da gangare ya nufa. In wurin ya sauka ta baya, sai in sa waigi a bayan tayar baya ta dama da ta hagu, a tsakiyar tafin taya, a miƙe, in buga shi da dunduniya har ya manne. Sannan in ce wa direba ya sa giya a firi ya sassauta birki a hankali. Tirelar za ta ɗan matsa, ka ji robar ta yi ƙara ƙasa-ƙasa, ka ga taya ta ɗan hau bakin waigin ta lotsa kaɗan, komai ya tsaya. Nauyin ya bar bayan mota ya koma kan waigi. A nan ne direba zai ja birkin hannu ya sa giyar tsayawa. Sai in zagaya in sa sauran biyun a gaban tayoyin gaba, in buga su su ma. Tsakanin tayoyin na bar shi fili domin waigin almakashi.

Me ya sa ake sa wa ta gaba da ta baya alhali an san inda gangare ya nufa? Domin ido yana yin ƙarya a kan gangare, musamman a wurin da bishiyoyi ko tudun gefe suka karkata. Kuma ɗaga wuyan tirela da jak yana iya tura ta inda ba ka zata ba. Idan gangaren na gaske ne, wanda kana tafiya kana jinsa a gwiwa, ina ƙara waigi a ɓangaren gangare na ɗaya tayar ma, ko da hakan zai hana ni sa na almakashi. Gara ɗaki mai rawa. In kuwa ya fi haka tsanani, wani wurin nake nema.

Sakin nauyi a kan waigi kafin a raba tirela da mota yana magance wata matsala da ke ba sababbi wahala. Bakin tirela yana zaune ne a kan dunƙulen ƙarfen da ke bayan mota, da ɗan harshe a ciki da ke kama ƙasan dunƙulen. Idan tirela tana jan mota baya ko tana tura ta gaba, harshen nan ba ya saki. Sai mutum ya yi ta murɗa jak, bayan mota yana tashi sama tare da tirela, can sai ta ɓalle da ƙara, ta yi tsalle baya har sai ta sami abin da ya tare ta. In an riga an zaunar da ita a kan waigi, bakin yana zamewa daga dunƙulen shiru, ba ko motsi.

Wajen rabawa, ina sa faifan katako mai faɗi a ƙarƙashin jak na wuya, domin wuyan yana ɗauke da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela, kilo 300 zuwa 450 ke nan a kan ɗan tafin ƙarfe, kuma a ƙasa mai laushi nutsewa zai yi cikin dare. In jak ɗin mai 'yar taya ne a ƙasa, a cire ta a sa tafi. Idan akwai sandunan raba nauyi, waɗanda ke haɗa wuyan tirela da bayan mota su rarraba nauyin wuyan a kan tayoyi, sai in ɗaga wuyan tare da bayan mota su yi sako-sako, in cire su, in sauke, in buɗe makullin bakin tirela, in sake ɗagawa har dunƙulen ya fita. Sarƙoƙin tsaro biyu su ne na ƙarshe da nake cirewa. Sai na ga bakin ya rabu da dunƙule, na tsaya na kirga kamar daƙiƙa goma tirela ba ta motsa ba, sannan in kwance su da wayar lantarki da igiyar birkin gaggawa, mota ta ja gaba.

Daidaita gaba da baya da jak na wuya ake yi, ma'auni a miƙe a dandamali. Wannan ba ya ɗaukar minti biyu, amma shi ne dalilin da ya sa har yanzu waigin almakashi yana cikin akwati. Duk lokacin da wuya ya yi sama ko ƙasa, shasin yana juyawa ne a kan tayoyi, ƙarfen lilo ya gyara zama, tayoyin su ɗan murgina, ratar da ke tsakaninsu ta ƙaru ko ta ragu. Idan ka riga ka kulle su, motsin sai ya nemi wata mafita. Za ka ji jak yana nishi, tafinsa yana jan katakon da ke ƙarƙashinsa, sandarsa ta fara karkata. Ko kuma waigin ya matse har hannuwansa su lanƙwashe, ko ya yi sako-sako ya faɗo. Bayan na daidaita, ina komawa ga waigin ƙasa huɗun nan. Kusan kullum sai na tarar ɗaya ko biyu sun bar jikin taya da ɗan yatsa, in sake buga su.

Jak na kusurwa ba na ɗaga tirela ba ne, kuma wanda ya gwada daidaita ɗaki da su zai murɗa shasi har ƙofa ta ƙi rufuwa. Ina sauke kowanne a kan katako har ya taɓa, in ƙara kamar rabin juyi, shi ke nan. Injin huda mai batir yana saukaka saukewa, amma juyin ƙarshe da hannu nake yi don in ji nauyin; injin ɗaure noti mai bugu kuwa yana cinye zaren ƙarfen. Dabarar da ta fi tasiri a nan ita ce tara katako a ƙasa don kada jak ya miƙe sosai. Jak na kusurwa mai buɗewa kamar almakashi, idan ya buɗe har ƙarshe, siriri ne dogo, rawa yake da kansa. Wanda ya buɗe rabi ya fi shi tsayuwa nesa ba kusa ba. In tirelar tana da ɗakin da ke zamewa waje ta gefe, bayan an fitar da shi nauyi yana komawa can, sai a sake duba ma'auni da jak na ɗaya gefen.

Sai yanzu waigin almakashi. Tun kafin saye ya kamata mutum ya auna ratar tayoyinsa a inda suka fi kusa da juna, wato daidai tsayin cibiyar taya. Wanda aka saba sayarwa yana rufewa zuwa kusan santimita 3 da rabi, ya buɗe zuwa kusan 25. Tirelolin da aka ware aksil ɗinsu da nisa suna bukatar dogon samfuri, waɗanda tayoyinsu suka kusa haɗewa kuma wani lokaci ba ya shiga sam. Ina rufe shi, in zura shi ta gefe, notin yana sama inda hannu zai kai, in tsayar da tsakiyar X ɗin daidai inda ratar ta fi ƙanƙanta, yadda tafukansa biyu na sama da biyu na ƙasa za su rungumi kumburin tayoyin daidai. Ya kuma zauna a tsakiyar faɗin taya, kada ya kama kafaɗa, kada ya taɓa wayar birki da ke bi ta bayan taya. Da hannu nake fara juya notin har tafukan huɗu su taɓa roba, in leƙa in tabbatar bai karkace ba, sannan in ɗauki sifana.

Iya ɗaurin shi ne inda ake yawan ɓata abu. Ina ɗaurewa har in kama shi in jijjiga ya ƙi motsi, in ƙara rabin juyi zuwa juyi ɗaya. Tafukan su ɗan nutse cikin zanen taya, iyakarta ke nan. Idan ka ga tafin taya ya lotsa ciki sosai, ka wuce gona da iri: kana tura aksil biyu su rabu, kuma robobin da ke cikin idon sifirin da maratayansa su ne ke shan wahalar. Da injin bugu ba a ɗaure shi ko kusa. A sa ɗaya a kowane gefe. Guda ɗaya yana rage rawa, amma ɗakin sai ya koma murɗawa ta gefen da aka bari.

Ba a gama ba tukuna, domin tayar da ta sha hanya da zafi take isowa. Matsin iskar ciki yana raguwa da kusan kashi 2 cikin ɗari duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Selsiyos, kuma tsakanin taya mai zafin kwalta da sanyin asuba akwai tazara babba. Waigin da ka ɗaure tamau da la'asar, bayan awa biyu ko uku sai ka taɓa shi ka ji yana kaɗawa. Ina komawa da sifana bayan tayoyi sun huce, in ƙara ɗan juyi, in sake dubawa da safe. Idan gefe ɗaya ya ci gaba da sakewa kullum, to ba laifin waigi ba ne, taya ce ke sace iska, a nemo ma'aunin iska a duba.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Ina cika kofin gilashi da ruwa kusan baki, in ajiye a kan teburin kicin, wani ya yi tafiya daga gado zuwa ƙofa ya dawo. Kafin a sa waigin almakashi, ruwan yana kai-komo ta tsawon tirela, har ya lashi bakin kofin. Bayan an sa, sai dai ka ga fuskarsa tana ɗan karkarwa. In ruwan ya koma kaɗawa ta gefe da gefe, matsalar ta jak na kusurwa ce, ko sun miƙe da yawa ko ɗaya ya saki ƙasa. In kuma motsin yana zuwa ne lokacin da aka taka matakalar ƙofa, a sa wa matakalar tokari daga ƙasa. Kada dai mutum ya sa ran ɗakin zai zama kamar ginin siminti. Muddin nauyin yana kan iska da sifirin, ɗan motsi ba ya ƙarewa. Tirela mai aksil irin na roba a cikin bututu, wadda ba ta da ƙarfen lilo, dama rawarta ba ta kai ta mai sifirin ba, don haka bambancin da waigin almakashi zai kawo mata bai kai haka ba.

Ƙasa ma tana sauya lissafi. A kan ciyawa ko yashi, ruwan sama ɗaya ya isa ya sa taya ta nutse ta bar waigi a sama, ko katakon jak ya lotsa, don haka bayan ruwa ina zagayawa da ƙafa da sifana. A kan kwalta mai zafi tafin jak yana huda rami in ba katako. A daɓen siminti mai santsi kuwa, roba ce kaɗai nake yarda da ita.

Ranar tashi komai yana komawa ta baya. Waigin almakashi ne farkon fita, tun kafin in taɓa kowane jak, kuma ina ajiye su a kan wuyan tirela inda dole in gan su, domin wanda ya manta da su ya ja mota, ko dai ƙarfen ya murɗe ko ya yaga taya. Sai jak na kusurwa su koma sama gaba ɗaya; ɗaga wuya alhali na baya suna ƙasa yana jibga musu nauyin da ba a yi su dominsa ba. Sannan a ɗaga wuya, mota ta shigo, baki ya zauna a kan dunƙule, a kulle, a sa fil, a maƙala sarƙoƙi a gicciye ta ƙarƙashin wuya, a haɗa waya da igiyar birkin gaggawa, a janye jak. Duk wannan lokacin waigin ƙasa huɗu suna inda suke.

Biyun da ke ɓangaren tudu da hannu suke fita. Biyun da tirela ta kwana a kansu za ka tarar taya ta danne su, kuma dukansu da guduma ɓata waigi ne kawai. Direba ya ja zuwa ɓangaren tudu kamar tafin hannu ɗaya, ya taka birki ya riƙe, in janye su ta igiyar da na ɗaura wa kowanne, daga gefe, ba tare da na sa hannu a gindin taya ba. Sai a sauko daga kan katako a hankali, in tattara, in ƙirga: na ƙasa huɗu, na almakashi biyu, faifan jak biyar. Zaren notin waigin almakashi yana cika da ƙura da yashi, shi ya sa kafin ya shiga akwati nake goge shi da tsumma in fesa masa man shafawa marar danƙo, don giris mai kauri ƙasa yake tarawa har notin ya ƙi juyawa.